Hannun Rigar da Mutuwel Ta Ƙi Biya

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaida wanda ke kwance, ina gaida wanda ke zaune a gefen gadonsa.

Sunana Ma'azu, amma a Gaya in ka ce Ma'azu mutum goma za su waigo, in ka ce Planto, wato ɗan aike, ni kaɗai za a nuna maka. Shekara talatin na yi ina ɗaukar takardu daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis, a wani kamfanin fiton kaya na bakin iyaka, ban taɓa karanta ko guda har ƙarshe ba. Aji biyu na yi a lakwal aka kore ni, don na sa wa malaminmu kwaɗo a aljihun tebur. Wannan rubutun da kuke gani a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, da furfurata. Faransancina kuwa na tsintuwa ne, abin da ya faɗo daga bakin manya na sunkuya na ɗauka na sa aljihu. Da shi na kusa cinye hannun matata na dama, shi ya sa nake rubuta wannan, don wani tsohon wawa ya karanta kafin ya yi irin tawa.

Matata Mariyama ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, saboda haka tun kafin aure muke zagin juna, auren bai hana komai ba. Ni ina ce mata ɗiyar Kawu. Ita gaban mutane tana ce mini Malam, in mu biyu ne Planto. Tuwo da miyar kifi take sayarwa a tashar manyan motoci. Da soja suka karɓi mulki aka toshe gadar kan iyaka da kwantena, motoci suka yi cirko-cirko, direbobi suka watse, cinikinta ya ragu sosai. A cikin wannan halin ƙullutu ya fito mata a nono na dama. Aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki a Yamai, aka cire nonon, aka cire har da kaluluwar hammata.

Ina da mutuwel tun ina aiki, wato asusun da ake zuba kuɗi duk wata uku don in ciwo ya zo su ɗauki kaso mafi girma. Da na bar aiki ban daina zubawa ba. Yayata Kulu ta sha ce mini, "Ma'azu, wane mai hankali ke zuba kuɗinsa cikin abin da sunansa ya fara da mutuwa?" Ina yi mata dariya. Kuma zan faɗi gaskiya ko da haushi ya cika ni: aikin nono sun biya rabonsu. Da ba su biya ba da gidanmu na sayar. Wannan godiya ce, na ajiye ta nan, kar a ce ban yi ba.

Wata biyar da dawowarmu, ta koma bakin murhu, sai wata safiya ta ce zobenta ya ƙi fita. Muka sa sabulu, muka sa man gyaɗa, da ƙyar. Na ce ƙiba ce, ta cinye ribar tuwo. Kafin mako ya zagayo awarwaronta ya nutse cikin nama. Ta ce hannun nauyi yake mata kamar an rataya mata tulu. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya tsaya a lotse, kamar malmalar tuwo.

Mako na biyu dangi suka fara kawo iliminsu. Yaya Kulu ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho a zuƙe mugun jini. Wata ƴar'uwa daga Bana ta aiko da sassaƙe da kanwa a daka a shafa. Wani ya ce sammu ne daga masu tuwon da ke gefenta, ya ba da kambu a ɗaura. Ƙaho na hana, don tun a Yamai an gargaɗe mu kar allura ko aska ta taɓa wannan hannu. A duk labarin nan wannan ne kawai wayon da na yi, ku rubuta mini shi.

Abin da ya fi ci mata rai ba zafi ba ne. Yatsun suka kumbura har ba ta iya yin loma. Matar da ta ciyar da rabin direbobin hanyar Kwatano da hannunta, ta zauna gaban akushi tana kallo. Na ce ta ci da hagu, lalura ce, malamai ma sun yarda. Ta dube ni ta ce, "Da wanda nake tsarki? Gaban mutane?" Na kawo cokali, ya zame daga yatsun. Daga ranar ta daina cin abinci tare da kowa. Sai ta shiga ɗaki ta ja labule, ko ta sha kunu ta ce ta ƙoshi. Hannu na ƙara girma, mai hannun na ramewa.

Mako na uku muka hau mota zuwa Yamai. Tun asuba muke kan layi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Likitar da ta gan mu yarinya ce sa'ar ɗiyarmu, mai tausa da gyaran gaɓoɓi, Allah ya yi mata albarka. Ta tambaye ni ko na san gonar shinkafa. Na ce a Gaya aka haife ni. Ta ce, "To Baba, kaluluwar da aka cire su ne magudanar ruwa. An toshe magudana, ruwa ya kwanta cikin hannu. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana iya hana shi cika." Ta ɗauko awo irin na tela ta auna wuyan hannu, ta auna ƙasan gwiwar hannu, ta auna dantse. Ta ce abin da Inna, wato matata, ke bukata shi ne mansho.

Na ce, "Mansho na fitilar gas, ko na haɗa tiyon injin ban ruwa? Duka biyu akwai su a kasuwarmu."

Ta yi dariya har ta ajiye biro. Ɗiyar Kawu ta ce, "Ki yi haƙuri da shi, ɗiyata, haka muka gaje shi."

Likita ta buɗe aljihun tebur ta nuna mana. Kamar hannun riga ne da aka yanke daga jikin riga, launin fata, yadi mai ja da komawa, daga wuyan hannu zuwa hammata, da ƴar safar tafin hannu. Ta ce akwai wanda ake yi wa mutum shi kaɗai a ƙasar waje, akwai kuma na kanti wanda aka riga aka ɗinka lamba-lamba kamar takalmi, ana ce masa deseri. Inna lamba uku ce daidai da ita, ba ta bukatar na waje. Ta yi wani bayani kan inda yake matsewa da inda yake saki, amma ni a lokacin hankalina na kan ordinas, takardar maganin da take rubutawa, ina ƙoƙarin gane haruffan.

A farmasi aka ce jika arba'in da biyar. Kuɗin mota kawai ke aljihuna, amma da na so da na samu, muna da ɗan'uwa a Yamai. Sai na bugi ƙirji na ce ina da mutuwel, a ba ni takardar farashi, zan kawo takardar izininsu. Wannan ne laifina na farko. Muka juyo Gaya hannu na lilo.

Mako na huɗu na san Mushe Lis, wato Yallaɓai mai jerin abin da ake biya. Ba sunansa ba ne, ni na raɗa masa, kuma ba zan faɗi na yanka ba don yana da uwa. Shi ke zaune a biron mutuwel na garinmu, ƙarƙashin fanka, da wani littafi mai bango shuɗi wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Ya karɓi takarduna da yatsu biyu kamar an tsamo su daga kwata. Ya lashi yatsa ya buɗe littafin.

"Ba ya cikin lis, tsoho."

"Mi ne ne ba ya ciki, Mushe?"

"Deseri. Abin da aka ɗinka aka ajiye a kanti, a wurinmu tufafi ne. Kamar safa, kamar singileti. Mu ba ma sayen tufafi."

"Likita ce ta rubuta."

"Likita tana rubutawa, lis ke biya."

Na ce to mi ke cikin lis ɗin. Ya sake lasar yatsa. Ya ce sir-muzir, wanda aka auna mutum aka yi masa, shi suna ɗaukarsa kayan asibiti ne kamar ƙafar roba. Na ce madalla, a yi wannan. Ya ce daga ƙasar waje ake odarsa, da can ta Kwatano yake biyowa, yanzu gada rufe take, sai ya zagaya, wata huɗu ko biyar in an yi sa'a. Kuɗinsa ya ninka wancan sau biyar, kuma ni zan fara biya, daga baya su mayar mini da rabonsu.

Na ce, "Wato kun yarda ku saya mini dokin da ke bayan kogi, kun ƙi jakin da ke ɗaure a ƙofar gida."

Ya ce shi bai san doki ba, lis ya sani. Sai ya ƙara da cewa, kamar mai ba da labarin ban dariya, da ƙafa ce ta kumbura da an biya, don safar ƙafa ta kanti tana ciki. Na ce to ya rubuta ƙafa mana, wa zai zo daga Yamai ya ɗaga zanen matata ya duba? Ya mayar da tabarau kan hanci ya ce in sake faɗin haka zai rubuta cewa na nemi ya yi zamba. Ni da na ga manyan da suka fi ubangidansa suna mayar da buhun shinkafa buhun gishiri da biro ɗaya.

Ya ce in ban yarda ba in rubuta ƙorafi zuwa kwamiti a Yamai. Mako na biyar kenan ya tafi a wannan. Na biya mai rubutu a ƙofar gidan waya ya rubuta. Na kai, ya ce babu hoto. Na kai hoto, ya ce ordinas ɗin sa hannu kawai gare ta, babu kashe. Kashe shi ne hatimin da suke bugawa, kuma wanda ya sa masa wannan suna a bakinmu bai yi kuskure ba. Na aika takardar Yamai da direba, ta dawo da kashe, ya ce yanzu takardar farashin ta wuce wa'adi. Shekara talatin ina yi wa wasu wannan yawon, ban taɓa sanin haka yake da ciwo ba sai da takardar ta zama tawa.

A nan zan faɗi laifina na biyu. Muna da rago a gida, na layya. Ɗiyar Kawu ta ce, "Malam, sayar da ragon nan ka sayo mini abin nan, ka bar su da littafinsu." In ta ce Malam alhali mu biyu ne, to maganar ta kai mata wuya. Na ce ba zan sayar ba. Shekara nawa ina zuba musu kuɗi? Haƙƙina ne, sai sun biya. Na mayar da hannunta fagen dambe tsakanina da wani yaro mai tabarau, ita kuwa a lokacin hannun rigunanta duk an farke su don hannun ya shiga.

Mako na shida ina dawowa daga biron a fusace na bi ta gaban shagon Illo tela, abokina tun muna wanka a kogi. Sau dubu na wuce allon shagonsa ban duba ba. Ranar na tsaya na haɗa haruffa. Kalmar nan ce, sir-muzir. Na shiga na tambaye shi ma'anarta. Ya ce ai ita ce sana'arsa, a auna mutum a ɗinka masa, saɓanin na gwanjo. Na ji kamar an kunna fitila a kaina. Na ce ashe abin da suke wahalar da ni a kansa yana nan bakin kasuwa. Na ce yau Planto zai kama mutuwel da bakinta.

Illo ya zo gida da awonsa ya auna. Ya samo wani wandon ƴan tsere mai ja da komawa cikin gwanjon Kamba, ya yanke ƙafa ɗaya ya rage ta. Da aka sa sai ya riƙa zamewa. Illo ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Ya sa robar ƙugun wando ninki biyu a sama wajen hammata, ya sa wata daidai saman gwiwar hannu. Ya zauna daram. Jika biyu ya karɓa, ya rubuta mini rasi na shaidar biya, mansho sir-muzir, ya buga kashensa mai hoton almakashi.

Ɗiyar Kawu ta juya hannun ta duba. Ta ce, "Wanda likita ta nuna ba shi da roba a nan. Kuma ta ce a ƙasa yake matsewa, yana hawa yana saki."

Na ce, "Ke kin san faransanci?"

"Da Hausa ta faɗa."

"Wancan deseri ne, na talakawa. Wannan sir-muzir ne, shi ya fi tsada a littafinsu. Ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai ilimi."

Ta ce ilimin aji biyu da kwaɗo. Amma ta bar shi a jikinta. Washegari ta ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mata kamar tururuwa na yawo ciki. Na ce magani ne ke aiki. Na ce kar ta cire ko da barci, don ruwan ya san an zo da gaske.

Kwana biyu da sawa na sa babbar riga na kai wa Mushe Lis rasi. Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya kira sakatariya ta zo ta gani, ya kira mai gadi. Ya ɗauki hoton rasin da wayarsa. Da ya samu numfashi ya ce, "Tsoho, wai tana sanye da shi?"

Na ce, "Yau kwana biyu, dare da rana. Roba biyu gare shi, ba ya motsi."

Ya kifa kai kan tebur. Da ya ɗago ya share hawaye, ya buga kashen ƙi a kan rasin, ya miƙo mini, ya ce wanda ke biye.

Wannan wurin nake so ku tsaya. Mutumin nan shekara da shekaru yana zaune cikin takardun likitoci. Ya san abin da nake hannu ba mansho ba ne, shi ya sa ya yi dariya. Ya tambaya da bakinsa ko tana sanye da shi, na ba shi amsa. Kalma uku ta ishe shi: je ka cire. Ba ta cikin lis. Na yafe masa yawon da ya sa ni, na yafe masa tsoho da yake ce mini kamar sunan kare, amma wannan shirun na bar shi da Allah, kuma ko a gaban liman zan maimaita.

Ni kuwa da jakin kaina na fito ina tunanin kashen Illo ne bai yi musu ba, sai na samo na likita. Na bar abin a hannunta ƙarin kwana biyu.

Rana ta biyar da safe ta kasa tashi salla. Jiki zafi kamar garwashi, haƙora na haɗuwa. Hannun ya yi ja, ya yi sheƙi, tafin ya zama kamar ƙwarya, inda robar ta zauna fata ta tsage tana ruwa. Maƙwabcinmu ya kai mu asibitin gari da motarsa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, bai ko gaishe ni ba, ya ɗauko almakashi ya tsarge abin tun daga ƙasa har sama. Ya ɗaga shi sama yana kallo.

"Wa ya ɗaura mata wannan?"

Ɗiyar Kawu, da zazzaɓin da komai, ta buɗe ido ta ce, "Wani babban likita ne. Shekara talatin yana aikin takardu."

Majo ya dube ni ya gane. Ya ce, "Baba, wannan ba mansho ba ne, garo ne. Irin igiyar da muke ɗaurewa in za mu ɗebi jini, minti ɗaya mu kwance. Kai ka ɗaura kwana biyar." Ya ce ƙwayar cuta ta shiga ta inda fata ta tsage, suna ce mata erizipel. Ya ce in ba ta ji allura ba cikin kwana uku za a tura mu Dosso, kuma can maganar da za a yi ba ta mansho ba ce, ta hannun ce gaba ɗaya. Kalmomin nan biyu, garo da erizipel, su ne faransancin da na koya da gaske a rayuwata.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ƙarin ruwa a hannun hagu, dama a ɗage kan matashi biyu. Hannu biyu duk ba nata ba, dole ni ke ba ta abinci a baki. Kwana huɗu na farko tana karɓa fuskarta na kallon bango. Ba zagi, ba Planto, ba Malam. Na shekara arba'in ina roƙon Allah ya sa matar nan ta yi mini shiru na yini ɗaya, da ya amsa sai na rasa inda zan sa kaina.

Yaya Kulu, wadda na raina wa ƙahonta, ita ce ke zuwa kullum da kunu da ruwan zafi, ita ke mata wanka, ita ke wanke zannuwa. Sau ɗaya kawai ta ce mini, "Da ka bar wanzamina, da aƙalla ya san ya kwance abin da ya ɗaura." Illo ya zo da jika biyunsa a hannu yana hawaye, ya ce a karɓa. Ɗiyar Kawu ta ce ya mayar aljihu, shi abin da aka sa shi ya yi, ba a tuhumar allura in mai zare ya haukace. Majo da ƴan aikinsa ba su taɓa tsallake allura ko ɗaya ba, kuma bayan ranar farko bai sake kunyata ni ba. Allah ya saka musu. Rana ta huɗu jan ya fara ja da baya, aka daina maganar Dosso.

Ga abin da zai ba ku dariya in kuna da sauran ta. Ranar da aka kwantar da ita na je biron mutuwel neman takardar izini, a shirye nake da faɗa. Kafin in zauna Mushe Lis ya buga kashe. Gado yana cikin lis. Allura tana ciki, ƙarin ruwa yana ciki, wankin ciwo yana ciki. Abin da suka biya na kwanakin nan ya isa sayen mansho huɗu da canji. Ya miƙo mini takardar yana murmushi ya ce, "Ka gani, tsoho, mutuwel tana biya." Ya manta ni, ko ya yi kamar ya manta. Na ce, "Ka aika wa mutane hoton rasina, ka aika musu na hannun ma?" Ya ce wanda ke biye.

Mako na tara na ja ragon zuwa kasuwa da kaina. Yana ta waige, ni ma ina jin kunyarsa, don da na kawo shi wata ɗaya baya da ya sayi hannu cikakke. Da ciwon ya rufe muka koma Yamai wurin likitar nan mai kirki. Ta ji labari ba ta yi dariya ba, ta ce me ya sa ban buga mata waya ba, lambarta na kan ordinas. Tana kai kuwa, ni ne ban karanta har ƙasa ba. Ta yi kwanaki tana naɗe hannun da bandeji tana tausa, ta sake awo, yanzu lamba huɗu. Na biya da kuɗin rago. Ta koya mini yadda ake sa shi da safe a cire in za a kwanta, a wanke da hannu a shanya a inuwa. Ta ce bayan wata shida yana saki, sai an sake sabo. Ta duba yatsun nan biyu, ƙarami da na kusa da shi, ta soka musu tsinke ɗiyar Kawu ba ta ji ba. Ta ce robar saman gwiwa ta danne jijiya, wataƙila su dawo, wataƙila a'a. Yau wata bakwai, ba su dawo ba. Ƙorafina na kwamiti ma bai dawo ba.

Saboda haka ga abin da zan ce wa duk mai mutuwel. Kafin ka bar gaban likita ka tambaya ko abin da ya rubuta yana cikin littafinsu, in ba ya ciki ya gaya maka abin yi tun a nan. In sun ƙi, ka sayar da abin da za ka sayar ka saya, ka yi faɗan daga baya, don takarda tana jira, jiki ba ya jira. Kar ka kai wa tela aikin likita ko da allonsa ya yi kama da littafinsu. In mai ciwo ya ce yana jin tururuwa a yatsa, ka kwance ko mi ne ne. In matarka ta ce da Hausa aka faɗa, to da Hausa aka faɗa. Su kuma masu littafi mai bango shuɗi, ina roƙon Allah kar ya jarrabi iyayensu mata da kumburin hannu, amma in ya jarraba, ya sa su faɗa hannun mai lis irin nasu.

Hannun ya sauka, bai koma kamar da ba, amma yana shiga riga. Tuƙin tuwo ya gagare ta, yanzu wata mata take biya ta tuƙa, ita tana zaune tana miya da faɗa. Ranar Juma'ar da ta wuce Yaya Kulu ta zo, aka ajiye akushi a tsakar gida. Na zaci za ta ɗauki nata ta shiga ɗaki kamar kullum. Sai ta ja kujera ta zauna, ta zare safar tafin, ta wanke hannu, ta miƙa dama. Babban yatsa, manuni, da na tsakiya suka gutsuro tuwo. Rabi ya faɗi. Ta sake. Na uku ya kai baki.

Yaya Kulu ta fara hamdala.

Ɗiyar Kawu ta haɗiye ta ce, "Yatsu uku, ai sunna ce, sun ishe ni." Ta ɗaga hannun ta nuna mana biyun da ke lanƙwashe gefe. "Waɗannan na raɗa musu suna. Ƙaramin Planto, na kusa da shi Mushe Lis. Ku dube su, zaune kusa da juna, ba sa jin komai, ba sa aikin komai, amma in an ci su ma sai sun shafi miya."

Ta tura mini akushin da gwiwar hannu, ta ce in ci kafin ya huce.